Gargaɗi: Masu cewa za su kare maka kuɗin kirifto daga kwamfutar kwantam

Jama'a, don Allah a yi hattara, kuma a isar wa duk wanda ke ajiye kuɗin kirifto. Wasu 'yan damfara sun ɓullo da sabon salo, har ya rutsa da ƙanina.

Saƙo aka turo masa, da tambarin da ya yi kama da na walat ɗin (manhajar ajiye kuɗin kirifto) da yake amfani da ita. Wai kwamfutar kwantam (sabon nau'in kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa) ta kusa fasa makullin Bitcoin, wai saura kwana uku, kowa ya gaggauta ƙaura zuwa sabuwar walat mai kariya. Har da bidiyon wani mutum yana bayani cikin natsuwa kamar malamin jami'a. Ya latsa adireshin, shafi ya buɗe, ga gurabe goma sha biyu a jere, aka ce ya rubuta kalmomin sirri da ke buɗe walat ɗinsa don a sabunta su. Ya ɗauko takardar da ya daɗe yana ɓoyewa, ya kwafe su ɗaya bayan ɗaya. Cikin 'yan mintuna walat ta koma fayau. Da ya kira ni, muryarsa rawa take, da ƙyar na gane abin da yake faɗa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sun jingina ƙaryarsu da gaskiya. Tun 1994 masanin lissafi Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantam mai ƙarfi za ta iya warware lissafin da RSA (wata hanyar kulle bayanai) da makullin Bitcoin suka dogara a kai. Shi ya sa hukumar NIST ta Amurka ta buɗe gasar samo sababbin hanyoyin kulle bayanai da kwantam ba za ta iya fasawa ba a 2016, masana suka yi shekaru suna gwada hanyoyin juna, har a Agustan 2024 ta fitar da ƙa'idoji uku: FIPS 203, 204 da 205. Kyauta suke, kowa na iya saukewa ya karanta. Amma kwamfutar da za ta yi wannan ɓarna ba a ƙera ta ba tukuna. Willow, na'urar kwantam da Google ya nuna a Disambar 2024, kiyubit (ma'aunin girman irin wannan kwamfuta) 105 gare ta, alhali aikin na buƙatar ninkin ba ninkin hakan. Ranar da Bitcoin zai sauya makulli kuwa, a fili masu haɓaka shi za su yi ta muhawara, sannan sauyin ya zo ta manhaja. Babu wanda zai nemi kalmominka.

Kalmomin nan 12 ko 24, da ake zaɓowa daga jerin kalmomi 2048, su ne kuɗin kansu. Wanda ya same su ba ya buƙatar kwantam, wayar hannu ta ishe shi. Kuma abin da ya fita a Bitcoin ya fita ke nan, babu ofishin da zai juyo da shi.

Bidiyo ma kada ya ruɗe ku. Da ƙirƙirarriyar basira ake haɗa fuska da murya yanzu. A 2024 a Hong Kong an sa wani ma'aikaci ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugabanninsa na bogi.

Bayan kwana biyu wasu suka sake neman ƙanina, wai ƙwararru ne, za su dawo masa da kuɗinsa idan ya biya kafin alƙalami. Na hana shi, don wannan ma damfara ce.

Idan ka riga ka rubuta kalmominka a irin wannan shafi, kada ka tsaya tambaya. Buɗe sabuwar walat da sababbin kalmomi yanzu, ka kwashe abin da ya rage, tsohuwar kuma kada ka sake zuba mata ko sisi.