Ofishin Dakon Kaya Daga Jidda Da Dubai Zuwa Bauchi

Kusa da kasuwar Wunti akwai wani ƙaramin ofishin dakon kaya da masu sayar da turare, dabino da jallabiya suke dogara da shi, kuma ni ma ta hannunsu nake shigo da kayan shagona. Suna karɓar abin da ɗan kasuwa ya saro a Jidda ko Madina, su yi lodinsa a mota zuwa Dubai ta iyakar Batha da ke tsakanin Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, su haɗa shi da wanda aka saya a Deira, unguwar kasuwanni a Dubai, sannan su turo duka cikin kwantena ɗaya daga tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a Dubai.

Arahar wannan hanya ta samo asali ne daga Majalisar Haɗin Kan Ƙasashen Yankin Gulf, wadda Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Kuwait, Qatar, Bahrain da Oman suka kafa a Abu Dhabi a 1981. Tun 2003 suke da tsarin kwastam na bai ɗaya, inda yawancin kayan waje ke biyan kashi 5 cikin ɗari a inda suka fara sauka, kayan da aka samar a ɗaya daga cikinsu kuwa su tsallaka iyaka ba tare da harajin kwastam ba, muddin akwai takardar shaidar asalinsu. A nan ne ofishin ya cancanci yabo, domin ba sa wasa da takardar nan. Kowane kwalin dabinon ajwa yana isowa da sunan mai shi da nauyinsa a jiki, kwalaben turaren ud kuma a nannaɗe ɗaya bayan ɗaya, nesa da abinci, ta yadda ƙamshi ba ya kama dabino.

Sai dai ƙasashen ba su haɗa kuɗinsu ba, duk da sun sa 2010 a matsayin wa'adi, kuma harajin sayen kaya ya bambanta: kashi 15 a Saudiyya tun 2020, kashi 5 a Dubai. Saboda haka rasit yana zuwa da riyal da dirhami, ofishin kuma yana juya su zuwa naira da farashin ranar karɓar kaya, ba na ranar lodi ba. Wannan yana cutar da ƙaramin ɗan kasuwa, kuma ya kamata su faɗa masa tun farko. Haka nan da zarar kwantena ta iso Legas, labari yakan yanke sai mutum ya bi sawu da kansa.

Ina ba da shawarar a yi hulɗa da su, amma mai son dabinon azumi ya miƙa kayansa tun kafin Rajab.