Sharhi: yawon tsofaffin masaƙun Lankasha, ko ya ci kuɗinsa?

Jama'a masu zama a Ingila da masu shirin zuwa ziyara, musamman ɗalibanmu na Manchesta da kullum tambayarsu ita ce ina mutum zai je ranar hutu banda kallon filin ƙwallo da zagayen kantuna, ga abin da na gani a wani yawon yini guda da na biya kuɗi na shiga, wanda ake zagayawa da mutane tsofaffin masaƙun gundumar Lankasha. Wuraren kansu sun burge ni matuƙa. Kamfanin da ya ɗauke mu a mota ne nake da ƙorafi a kansa, zan zo kan wannan, amma ba zan kama suna ba.

Inda aka fara kai mu shi ne Queen Street Mill, a wani ƙauye Harle Syke da ke saman tudu a gefen garin Burnley. An gina ta a 1894, kuma mutanen yankin ne suka haɗa jari da kansu, hannun jari fam 5, ta yi ta aiki har watan Maris na 1982 sannan aka rufe. Abin da ya sa ta fita daban shi ne ba a kwashe kayan cikinta an sayar a matsayin ƙarfen bola ba, injin tururin na nan, tukwanen dafa ruwan na nan, injinan saƙa 308 na nan a jere a inda masu su suka bar su, shi ya sa ake cewa ita kaɗai ta rage a duniya cikin masaƙun ƙarni na 19 masu aiki da tururi da ke nan da kayansu. A da injinan sun kai wajen dubu.

Injin tururin kamfanin William Roberts na garin Nelson ne ya ƙera shi a 1895, ƙarfin doki 500, kuma lokacin da masaƙar ke aiki shi kaɗai ne ke juya komai a gidan. Ana zuba kwal a tukunya da shebur, ruwa ya tafasa, tururi ya tura injin, injin ya juya wasu dogayen sandunan ƙarfe da suka ratsa rufin ɗakin saƙar daga wannan bango zuwa wancan, daga kowace sanda kuma bel na fata ya sauko kan injin saƙa. Wato in mai hura wuta ya makara toh duk masaƙar ta makara. Sunan injin Peace, an sa masa shi ne bayan yaƙin duniya na ɗaya, kuma gaskiya yadda suke goge shi da mai yana ƙyalli zaka san akwai masu ƙaunarsa.

Amma ɗakin saƙar shi ne wajen. Rufin an yi shi hawa hawa da gilasai suna kallon arewa don haske ya shigo ba tare da rana ta bugi zare ba, ƙasa daɓen dutse, ko'ina warin mai da auduga. Injina kaɗan kawai aka tayar mana, wallahi na kusa da ni yana magana ina ganin bakinsa na motsi amma ba na jin komai, kamar an tara injinan markaɗe a ɗaki ɗaya an rufe ƙofa, sai ka tuna wai da ɗaruruwa ne ke tashi lokaci guda tun safe har yamma shekara da shekaru. Shi ya sa da yawansu suka kurumce, kuma suka koyi hira da motsin leɓe da hannu daga wannan layi zuwa wancan. Wata dattijuwa da ta yi aikin saƙa tun tana budurwa ita ta nuna mana yadda ake yi, ta ce har gulma ana yi a haka, in ba ka son a gane me kake faɗa sai ka kare bakinka da hannu. Hannunta na kan injin tana magana tana canza ƙoshiya ko kallo ba ta yi. Ni wannan matar ita ce ta biya min kuɗina, don allon bayani a bango ko'ina akwai shi, amma mutumin da ya yi aikin da hannunsa ba kullum ake samu ba kuma suna ta ƙarewa.

Ta nuna mana yadda a da suke sa baki a ramin ƙoshiya su zuƙo zaren, sau ɗaruruwa a yini, ga ƙura ga mai ga yawun wanda ya riga ka, ta nan tarin fuka ya riƙa yawo a tsakaninsu. Ga ƙurar auduga da ke cin huhu a hankali. Ga danshi, don zaren auduga ba ya son bushewa tsinkewa yake, shi ya sa ma yanayin Lankasha mai yawan yayyafi ya dace da sana'ar, amma duk da haka har tururi ake sakar musu a ɗakin, mutum ya yini a jiƙe ya fito cikin sanyi. Mace ɗaya tana kula da injina huɗu, daga baya masu masaƙu suka ce sai shida ko takwas, abin da ya jawo yajin aiki mai zafi a Burnley a farkon shekarun 1930. Biya kuma gwargwadon yadin da ka saƙa ne, in aka ga aibi a ciki a yanke maka kuɗi. Yara ma suna ciki, rabin yini makaranta rabin yini masaƙa, sai dokar ilimi ta 1918 ce ta kawo ƙarshen wannan tsarin.

Yadin da suke saƙawa fa? Ba wani mai ado bane, farin yadi ne ɗanye wanda ba a wanke ba ba a rina ba, akoko dai da muka sani. Da aka miƙo min ƙyallen na taɓa sai da jikina ya yi sanyi, don irinsa ne iyayenmu suka yi ta saye a kasuwa. Wajen 1910 garin Burnley kaɗai na da injinan saƙa kusan 99,000, kuma mafi yawan abin da gundumar ke saƙawa waje ake kai shi, Indiya ce kan gaba, sai Sin da Afirka ta Yamma.

Daga nan muka gangara Helmshore a kwarin Rossendale. Masaƙu biyu ne a haɗe, Higher Mill ta 1789 wadda ta ulu ce, da Whitaker's Mill ta kaɗin auduga wadda ta yi aiki har 1978. A ta ulun akwai ƙatuwar ƙafar ruwa da ke ɗaga wasu manyan gudumomin katako suna dukan yadin har ya yi kauri, kuma kafin sabulu ya wadata da tsohon fitsari suke wanke maiƙon ulun, gida gida ake bi ana saye. A saman benen ta audugar kuma akwai injin kaɗi mai mazarai ɗaruruwa, yana tafiya a kan ƙafafu ya ja zare ya murɗe ya dawo ya naɗe, masu aikinsa ba takalmi suke yi saboda santsin mai a katako, a zamanin farko kuma ƙananan yara ne ke rarrafawa ƙarƙashinsa suna share auduga yana cikin tafiya. Anan ne aka jero mana waɗanda suka ƙirƙiro kayan saƙa da injinan kaɗi, John Kay na Bury da ƙoshiyarsa mai gudu a 1733, James Hargreaves da injin kaɗinsa wajen 1764, Richard Arkwright haifaffen Preston a 1769, sai Samuel Crompton na Bolton a 1779, dukansu 'yan wannan yankin ne, don Bolton da Bury da Manchesta kanta duk cikin Lankasha suke kafin a sake zana iyakoki a 1974.

Toh ga ƙorafina. Na ɗaya, a tallan kamfanin sun rubuta za mu ga injin tururin yana aiki, ashe ba su ko kira sun tambaya ba, ranar ba a hura tukunya ba, kuma ma'aikatan wajen ba su da laifi don ba su suka yi mana alkawari ba. Na biyu gaggawa, an cusa wurare da yawa a yini ɗaya, muna tsaka da sauraron dattijuwar nan direba ya fara danna hon, aka kwashe mu aka kai mu wani shagon tsaraba muka ɓata lokaci mai yawa a banza, unguwar masaƙa ta bakin magudanar jiragen ruwa ta Leeds zuwa Liverpool da ke tsakiyar Burnley kuwa ta tagar mota kawai muka hango ta.

Na uku shi ya fi damuna. Jagoran da kamfanin ya haɗa mu da shi ya iya labari ba laifi, ya ba mu na mai bi gida gida da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa taga da asuba don tada ma'aikata, da takalman katako masu ƙarfe a ƙasa, da satin hutun shekara da ake rufe masaƙun gari gaba ɗaya kowa ya hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku a Blackpool, da 'yan badujalar masaƙu. Amma a bakinsa auduga daga tashar jirgin ruwan Liverpool take farawa, kamar a can take tsirowa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fita a Ingila. Kafin 1861 mafi yawanta daga kudancin Amurka take zuwa, bayi baƙar fata ne ke noma ta, da yaƙin basasar Amurka ya tare hanya daga 1861 zuwa 1865 masaƙu suka tsaya mutane suka shiga yunwa, kuma duk da haka a ranar ƙarshe ta 1862 ma'aikata suka taru a Manchesta suka aika wa Abraham Lincoln takardar goyon baya kan 'yanta bayi. Wannan abin alfaharinsu ne ma amma sai da wani a motar ya tambaya sannan ya taɓo shi sama sama. Zuwan Gandhi garin Darwen a 1931, lokacin da Indiyawa suka ƙaurace wa yadin Ingila masaƙu suna ta rufewa, shi ma jimla ɗaya ya samu.

Namu ɓangaren kuwa ko kusa bai san shi ba. Tsoron dogaro da Amurka ne ya sa a 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, wato BCGA, a Manchesta don a nemo auduga daga ƙasashen da suke mulka, kuma Arewacin Najeriya na cikin inda suka fi sa rai, yana daga cikin dalilan da aka ja layin dogo har Kano a 1911. Suka kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau. Sai dai lissafin bai fita yadda suka so ba da farko, don masaƙanmu na gida da marina suna sayen auduga da tsada fiye da farashin Bature, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi suka koma mata. Sannan abin da ya fi ba ni mamaki, garin Rawtenstall da muka ratsa ta cikinsa a mota, tafiyar 'yan mintuna daga Helmshore, nan ne gidan kamfanin David Whitehead & Sons, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta haɗa hannu da shi aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited, wato KTL, a Kakuri a 1957, kuma da akoko ta fara. Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san yadda Kakuri take lokacin canjin aiki, kekuna kamar me. KTL ta tsaya a 2002, shekara ashirin bayan Queen Street, kuma ina tsaye a ɗakin saƙar nan tunanin da nake yi kenan, tsofaffin ma'aikatanmu na Kakuri da Bompai da Sharaɗa suna nan da ransu da ilimin a hannunsu, ban san wani waje da yaro zai je su tayar masa da inji ya gani ba. Na gaya wa jagoran labarin KTL, ya saurara da kyau har ya rubuta, wannan kam na yaba masa.

Maganar abinci, kamfanin ya haɗa da na rana, wani dafaffen naman rago da albasa da yankakken dankali a sama wanda shi ne abincin gargajiyar gundumar, an tambaye mu tun wajen biyan kuɗi ko akwai mai buƙatar halal na ce eh, da muka je babu, na ƙare da burodi da cukunsu, cukun dai yana da daɗi. Ku kula da wani baƙin tsiran da suke ji da shi musamman a Bury, da jini ake yinsa. Abin haushin shi ne samun halal a yankin ba wuya, Burnley da Nelson da Blackburn cike suke da Musulmi 'yan asalin Pakistan da Indiya da Bangladesh waɗanda iyayensu suka zo a shekarun 1950 da 1960 suka riƙe aikin dare a masaƙun nan, masallatai ko'ina, su ma wani babi ne na tarihin da ba a ba mu ba.

Shawarata dan Allah in za ku je ku je da kanku, ku bar motar yawon. Jirgin ƙasa na zuwa Burnley daga Manchesta, daga tasha ku hau bas ko tasi zuwa Harle Syke, ku ba Queen Street rabin yini cur, Helmshore ku ware mata wata ranar daban. Hukumar gundumar ce ke kula da su biyun, an ma taɓa rufe su a 2016 saboda ƙarancin kuɗi kafin a sake buɗewa a 2018, kuma ba kullum suke buɗe ba, ba kuma duk shekara ba, don haka ku duba shafinsu ko ku kira ku tambayi ranar da ake tayar da injina kafin ku fito. Kuɗin shiga ba shi da yawa in aka kwatanta da abin da na ba kamfanin. Ku sa rigar sanyi mai kare ruwa ko da rani ne, saman tudun nan iska gare shi, masu ƙananan yara kuma ku nemi abin toshe kunne kafin a tada injin. Wuraren biyu na ba su 9 cikin 10, kamfanin motar 4.