Shekara guda da manhajar karatu: na fita daga ramin da na saba

A harkar karatu ni ɗan hanya ɗaya ne. Shekara da shekaru, in ba labarin binciken kisan kai ba ne, ko bangon littafi ba na dubawa. A ba ni gawa a babin farko, da jami'in bincike mai taurin kai, da mutum shida ko bakwai kowa da abin da yake ɓoyewa, a ƙarshe a tara su a falo a nuna mai laifi. Shi ke nan, an gama da ni. Abin da ya fito da ni daga wannan rami shi ne rajistar da na yi da wata manhajar karatu, irin wadda ake biya wata-wata a buɗe maka rumbun ƙagaggun labarai. Tun da ko ɗaya ka karanta ko goma kuɗin bai canzawa, sai na gindaya wa kaina sharaɗi: ba zan karanta littafi biyu a jere masu nau'i ɗaya ba. Yanzu shekara ta zagayo, na ga ya dace in faɗi abin da na gani.

Ita manhajar, a wajen karatu kansa, ba ni da ta cewa. Kana iya sauke littafi ka karanta ba tare da intanet ba, ka ƙara girman rubutu in ido ya gaji, ka mai da shafi baƙi da dare. Kalma in ta shige maka duhu, danna ta kawai za ka yi, ma'anarta ta fito. In ka ajiye waya ka ɗauki kwamfuta, daidai layin da ka tsaya za ta kai ka. Ƙorafina yana wani wajen, zan zo kansa.

Na fara da gida, wato labarin bincike, kuma a nan aka fara yi mini sakiyar da ba ruwa. Littafin yana cikin waɗanda manhajar ta jera a sama. Mai ba da labarin mace ce da ke shaye-shaye, duk abin da ta gani da dare sai ta wayi gari ta manta. Na bi ta sau da ƙafa har shafi ɗari uku, ina tara alamu, ina zargin miji, ina zargin maƙwabci. Sai a babi na biyun ƙarshe aka fito da wata 'yar'uwa tagwaye da ba a taɓa ambatonta ba, aka ce ita ce. Na ajiye wayar na daɗe ina kallon silin. Ba wautar labarin ce ta ɓata mini rai ba, wasa da hankalin da aka yi mini ne. Wannan nau'i tsoho ne, tun 1841 da marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya kafa harsashinsa, kuma yana da ƙa'ida. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin irin waɗannan labarai ne, ya jera dokoki goma. Daga ciki: dole mai laifi ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, dole jami'in bincike ya nuna wa mai karatu duk alamar da ya tsinta, kuma ba a fito da tagwaye sai an share musu fage tun da wuri. Kusan shekara ɗari da hana abin, ga shi an yi mini shi da rana tsaka. Ba na cewa a daskare a kan dokokin Knox, manyan marubuta sun karya wasu sun kuma yi kyau. Amma wanda ya sa wa littafinsa tambarin bincike ya karɓi ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Daga nan na tsallaka ƙagaggen labarin kimiyya, abin da a da nake kira tatsuniyar masu ilimi. Na zaɓi na Liu Cixin, marubucin ƙasar Sin, saboda na ji cewa fassarar da Ken Liu ya yi masa zuwa Turanci ta ci lambar Hugo, wadda ake ba irin waɗannan labarai, a 2015, kuma shi ne fassararren littafi na farko da ya taɓa cin ta. Na shiga ina tsammanin jiragen sama jannati da bindigogin haske. Sai na tarar da kaina a 1967, a tsakiyar Juyin Juya Halin Al'adu na ƙasar Sin, ana dukan wani malamin kimiyya a gaban taro har ya mutu, 'yarsa na tsaye tana kallo. Duk abin da ya biyo baya daga wannan rana ya tsiro. Matsalar da aka gina labarin a kanta ta gaske ce a ilimin lissafi: abu biyu masu jan juna a sararin samaniya ana iya lissafa tafiyarsu daidai, amma da zarar sun zama uku lissafin ya rikice, ba wata dabara guda da za ta warware shi gaba ɗaya. Henri Poincaré na Faransa ya nuna zurfin rikicin tun ƙarshen ƙarni na 19. To marubucin sai ya ce: ka ɗauka akwai duniya mai rana uku. Ba wanda ya san ko gobe za a daskare ko za a ƙone. Me halittun wannan duniya za su yi in suka ji labarin tamu mai rana ɗaya, mai tafiya a kan tsari?

Kwana uku na yi ina tunanin wannan tambaya a hanya, a wajen aiki, ko'ina. A nan na gane cewa na zo da mudun da ba na wannan kasuwa ba. Ina neman taurari masu zurfin hali, alhali shi littafin tunani yake sayarwa. Da na daina tambayar "wane ne wannan mutumin a ransa?" na koma tambayar "in haka ta faru, sai me?", sai littafin ya buɗe. Abin da ya fi tsaya mini shi ne cewa halittun waccan duniya sun taso za su kawo wa tamu hari, amma sai bayan sama da shekara 400 za su iso. Wato bala'in ba kai zai sama ba, ba ɗanka ba, ba jikanka ba. Za ka damu? Ni dai ban ji daɗin amsar da na ba kaina ba.

Soyayya kuwa ƙanwata ce ta tura ni. Da na ce mata ai duk ƙarshensu ɗaya ne, sai ta ce, "Yaya, naka na kisan kai ƙarshensu nawa ne? Ba kullum ake kama mutumin ba?" Na rasa bakin magana. Gaskiyarta. Masu wannan nau'i ba su ɓoye alkawarinsu ba: soyayya ce tsakiyar labari, kuma za a ƙare da farin ciki. Mai karatu ba "za su haɗu?" yake tambaya ba, "ta yaya?" yake tambaya. Na karanta guda biyu a tsakanin wata huɗu. Na farko ya bi tsohuwar hanya: ba sa ga maciji da juna a farko, aiki ya haɗa su dole, suka shaƙu, sai a kashi uku cikin huɗu na littafin aka ƙirƙiro wata rashin fahimta da kiran waya na minti biyu zai kashe ta, aka ja ta har shafi sittin. Na gama shi ne don kada a ce na gudu. Na biyun ya ba ni kunya. Bazawara ce da wani mutum mai jinyar mahaifinsa, dukansu sun haura arba'in, ba mugu a labarin, ba kishiya, ba makirci. Abin da ke tsakaninsu gajiya ce da tsoron sake farawa. Akwai wajen da ya zo zai faɗa mata abin da ke ransa, sai ya ɓige da gyara mata ƙofar da ke ƙara. Na karanta wannan shafi sau uku. Ban gaya wa ƙanwata ba sai bayan mako biyu, don na san dariyar da za ta yi mini.

Inda na fi daɗewa shi ne labarin tarihi. Hilary Mantel ta rubuta littattafai uku a kan Thomas Cromwell, ɗan maƙeri da ya zama na hannun daman Sarki Henry na Takwas na Ingila. Na farko da na biyu kowanne ya ci lambar yabon adabi ta Booker, a 2009 da 2012, na ukun ya fito a 2020, shekara biyu kafin rasuwarta. Abin mamaki a nan shi ne babu abin da za a ɓoye maka. Kowa na iya dubawa ya ga an sare kan Anne Boleyn, matar sarkin, a 1536, an sare na Cromwell kansa a 1540. Ni da na saba karatu don in san ƙarshe, ga littafi wanda na san ƙarshensa tun kafin in buɗe, kuma na kasa ajiyewa. Dabararta ita ce ta ba da labarin kamar yanzu yake faruwa, ta zaunar da kai a bayan idon mutumin. Shi bai san 1540 na zuwa ba. A wajensa yau Talata ce, sarki ya tashi da fushi, akwai wasiƙar da za a rubuta, akwai wanda za a lallasa da wanda za a tsorata. Kai da ka sani, sai ka riƙa jin kamar ka ja shi gefe ka ce masa ya tattara ya gudu. Na sha wuya a shafuka hamsin na farko, domin sau da yawa "shi" kawai take cewa ba ta ambaci suna ba, ina ta komawa baya in ga wa ake nufi. Da na gane kusan kowane "shi" Cromwell ne, sai na ga ashe da gangan ne: mutum ba ya kiran sunan kansa a zuci. Abin da ya dame ni, kuma har yanzu ban warware ba, shi ne yadda na wayi gari ina goyon bayan mutumin da nake kallo yana ƙulla wa wasu igiyar mutuwa da murmushi.

Na ban tsoro guda ɗaya na gwada. Rabin farko, lokacin da ba a nuna komai ba sai ƙarar taku a saman bene, na kwana da fitila. Da aka fito da dodon aka siffanta shi har haƙora, sai barci ya ɗauke ni. Ban koma ba.

Akwai kuma waɗanda ba su da tambarin komai sai na lambar yabo a bango. Ɗaya na bari a rabi: jimloli kamar an goge su da man shafawa, amma mutum ɗaya ne a ɗaki yana tuna yarintarsa har shafi ɗari da hamsin, ba abin da ya motsa. Wataƙila laifina ne. Amma na Abdulrazak Gurnah, haifaffen Zanzibar da ya ci lambar Nobel a 2021, ya rama mini. Wanda na karanta a kan zamanin mulkin Jamus a gabashin Afirka ne, da 'yan ƙasa da aka ɗauka soja suka yi wa Jamus yaƙi. Mutumin ba ya ɗaga murya. Zai faɗi abin da ya isa ya sa ka kuka a layi ɗaya, da muryar da ake ba da labarin ruwan sama, ya wuce abinsa. Sai ka yi shafi biyu gaba sannan abin ya dawo ya buge ka.

Yanzu ga ƙorafin. Manhajar ba ta son abin da nake yi. Da na gama labarin bincike ɗaya, sai ta cika mini fuska da guda ashirin irinsa, duk bangonsu mace ce ta juya baya tana kallon taga. Da na karanta soyayya, sai ta yanke hukuncin cewa na tuba, wata guda ba ta nuna mini komai sai masoya. An gina ta ne ta ba ka abin da ka riga ka so, ni kuwa gudunsa na zo yi. Duk littafin da ya burge ni a shekarar nan da hannuna na rubuta sunansa na nemo, ko wani ya faɗa mini. Na biyu, tana ja wa jimloli layi a ƙasa ta ce mutum kaza sun so wannan wuri. Kamar kana kallon wasa wani na zungurin ka yana cewa "nan fa, nan fa". Sai da na tona cikin saituna kafin na kashe shi. Na uku shi ne mafi ciwo: littattafan ba naka ba ne, aro ne. Wani da na ajiye zan karanta na dawo na tarar an janye shi daga rumbun ba sallama. Wani jerin kuma akwai na ɗaya da na uku, babu na biyu, sai ka saya daban. Ga tarin littattafan cike gurbi da ake lissafawa cikin "dubbai" da ake talla da su.

Wanda ke karanta littafi ɗaya a wata biyu, ban ga abin da zai tsinta a nan ba, gara ya sayi wanda yake so ya mallaka. Wanda kuma yake son ya ɗanɗana ya ajiye ba tare da jin ya yi asara ba, a nan ribar take. Ni da kuɗina zan sayi kowane littafi, da ban taɓa kusantar na soyayyar nan ba, da kuma na tilasta wa kaina gama wanda na bari a rabi.

Na sabunta rajistar. Na ukun Mantel na nan a wayata, saura shafi tamanin, yau kwana tara ban buɗe ba, domin na san abin da ke jiran mutumin a can. Jiya da dare kuma ƙanwata ta turo mini sunan wani littafi, ta rubuta a ƙasa: "Yaya, wannan ma akwai gyaran ƙofa."