Play Protect a wayar Hajiyarmu: ya yi rabin aikin, kuma kyauta

Wayar Hajiyarmu ta kai ga ko kira za ta ɗaga sai talla ta rufe fuskar gaba ɗaya. Caji ba ya kai la'asar, data kuwa kamar ana zuba ruwa a kwando. Wani mai gyara a kasuwar Taminus ya ce sai dai filashin, wato hotunan jikoki da karatun malamai da ta tara duk su tafi. Na ce a dakata tukuna.

Sai na gwada Play Protect, wato tsaron da ke binciko manhajoji masu cutarwa a wayar Android. Ba sauke shi ake yi ba, tun 2017 Google ya haɗa shi a cikin Play Store. Ka buɗe Play Store, ka taɓa hotonka da ke sama, ka zaɓi Play Protect, ka sa ya bincika. Na tarar a kashe yake, da alama wanda ya tura mata manhajoji a shago ne ya kashe don kada ya hana shi aiki. Ina kunnawa ya kamo wata manhaja mai da'awar share datti da sanyaya batir, ya ce a cire. Irin waɗannan masu tsintsiya a tambarinsu, ni dai ban taɓa ganin amfaninsu ba.

Talla ta ragu, amma ba ta ƙare ba, kuma nan ne ya kamata a fahimci iyakarsa. Shi manhajoji yake dubawa. Sauran tallan daga shafukan intanet suke zuwa, waɗanda Hajiya ta danna musu "Allow" ba tare da ta san izinin turo sanarwa ta ba su ba. Sai da na shiga saitin Chrome, wajen sanarwar shafuka, na toshe su ɗaya bayan ɗaya. A jerin manhajoji kuma, can ƙasa, na ga wata ba suna ba tambari, fili kawai fari fat, tana da izinin fitowa a kan sauran manhajoji. Da hannu na cire ta.

Hajiya ta ce, "To kai Abba, kuɗin nawa ne?" Na ce ko sisi.

Ga mai Android da ke karɓar manhaja ta turi, ina ba da shawarar ya bar shi a kunne. Yanzu cajinta na kaiwa isha'i, kuma na roƙi yaran gidan su daina sa mata gem.