Injin huda ko injin imfak: wanne ya dace da jak ɗin tirelar kwana?

A Amurka da Kanada, tirelar kwana ɗaki ce sukutum da ake ɗaurawa a bayan mota a ja ta zuwa wurin shaƙatawa, da gadonta da kicin da banɗaki. Akasarinsu a jihar Indiana ake ƙera su, a garin Elkhart da kewayensa, inda kamfanoni irin su Forest River da Jayco suke. A ƙarƙashin kusurwoyinta huɗu akwai jak da ake saukewa idan an yada zango, don kada ɗakin ya riƙa rawa duk lokacin da wani ya taka ko ya juya a gado. Kowace tirela tana zuwa da hannun ƙarfe na murɗa su. Wanda ya taɓa durƙusawa a kan tsakuwa yana murɗa jak huɗu ɗaya bayan ɗaya, ga rana ga sauro, ya san dalilin da ya sa kusan kowa a sansanonin nan yake yawo da injin huda mai batir. Aikin da hannu zai ɗauki mintoci yana yi, injin yakan gama shi cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Kafin a je shago, akwai abin da ya kamata ya zauna a kai, domin shi ne zai nuna irin injin da ake bukata. Waɗannan jak ɗin ba na ɗaga tirela ba ne. Za ka ga an rubuta fam 5,000 ko 7,500 a jikin na almakashi, wato masu buɗewa da rufewa a gicciye, sai ka ɗauka za su iya ɗaukar ɗakin duka. Wannan lambar nauyin da za su iya tokarewa ne a tsaye, kuma ko jak ɗin ya jure, shasin tirelar ba a yi shi don a ɗaga shi ta kusurwa ba. Idan aka matsa masa sai ya murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa, wani lokacin jak ɗin kansa ya lanƙwashe. Daidaita tirela aikin wasu abubuwa ne daban: katako ko tubalan roba a ƙarƙashin taya don gyara hagu da dama, waigi a gaba da bayan taya, sannan babban jak na gaba, wanda ke wurin ɗaurawa da mota, ya gyara gaba da baya har lebur ya nuna daidai. Sai an gama wannan ake sauke na kusurwa, su taɓa ƙasa su ɗan matse kawai. Ke nan ba ƙarfi kake nema a injin ba. Sauri kake nema, da kuma injin da zai tsaya lokacin da ya kamata.

Abu na farko da za ka saya ma ba injin ba ne, soket ne, wato ƙarfen nan mai rami da yake kama kan noti ya juya shi. Leƙa ƙarƙashin tirelarka ka dubi kan sandar jak ɗin. Mafi yawan na almakashi, irin waɗanda Lippert da BAL suke yi, suna da kan noti mai gefe shida na inci 3/4. Wannan awon daidai yake da milimita 19.05, shi ya sa soket mai lamba 19 yake shiga, kuma shi ne awon da aka fi gani a jikin karaban, wato tirelolin kwana na Ingila da sauran Turai. Camco da wasu kamfanoni suna sayar da soket ɗin haɗe da jelarsa mai shiga bakin injin, kuɗinsa 'yan daloli ne. Idan kana da akwatin soket na mota a gida, ƙaramin mahaɗi kawai za ka nema. Na fi son wanda aka ƙera a haɗe, don na biyun yakan rabu biyu, soket ɗin ya maƙale a jikin jak kai kuma ka miƙe da injin. Duba kuma cewa jelar mai gefe-gefe ce, domin mai santsi tana zamewa a bakin injin da zarar jak ya yi tauri. Wasu tsofaffin tireloli da ƙananan da ake naɗe rufinsu ba su da kan noti sam, ƙugiya ko tsaga ce a wurin, kuma waɗannan mahaɗinsu daban ne. Kada ka saya sai ka gani da idonka.

Yanzu ga inda gardama take. A shago za ka ga injuna biyu masu kama da juna, sau da yawa ma a kwali ɗaya ake sayar da su. Ɗaya injin huda ne na yau da kullum, mai baki da ake matsewa da hannu. Ɗayan gajere ne, ana ce masa imfak, an yi shi don ɗaure dogayen sukurori a katako. Shi imfak, idan ya ji tauri, akwai guduma a cikinsa da take fara dukan sandar tana juya ta, sau dubbai a minti ɗaya. Masu son sa suna da hujja. Ba ya fizgar wuyan hannu, ba shi da nauyi, jelar soket tana kullewa a bakinsa ba ta faɗuwa, kuma jak mai tsatsa bai isa ya tsayar da shi ba.

To, wannan na ƙarshen shi ne aibinsa. Imfak ba ya sanin an iso. Ƙafar jak ta taɓa ƙasa, shi yana nan yana duka, kai kuma hannunka bai ji komai ba balle ka saki. A jak da yawa, kan notin nan ba a haɗe yake da sandar ba, ɗan siririn fil ne ko walda ta riƙe shi, kuma duka a kai a kai yana iya karya fil ɗin ko ya cinye zaren sandar. Haka idan ana naɗewa: jak ya kai ƙarshe ya rufe, imfak ya ƙara masa, gobe ka zo saukewa ya ƙi motsi. Shi ya sa ake samun gargaɗi a littattafan wasu masu ƙera jak cewa kada a yi amfani da injin duka, kuma idan jak ya lalace ta wannan hanya, da wuya a canza maka kyauta. Ga kuma ƙara. A yawancin sansanonin gandayen shaƙatawa na gwamnatin Amurka, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne. Wanda ya iso a makare ya kunna imfak a ƙarƙashin shasin ƙarfe, maƙwabta duka za su san ya iso, kuma ba addu'a za su yi masa ba.

Injin huda yana da abin da imfak ba shi da shi, wato kuloci. Zoben nan ne mai lambobi a bayan bakinsa. Idan taurin ya kai lambar da ka saita, sai injin ya fara ƙar-ƙar-ƙar yana zamewa, soket ya tsaya cak. Ka fara daga lambobin tsakiya. Idan yana zamewa tun jak bai kai ƙasa ba, ka ƙara ɗaya ko biyu, har ka sami inda yake saukewa lafiya amma ya saki da zarar ƙafar ta dafa. Hatsarin yana ga wanda ya gaji da wannan ya mayar da zoben kan alamar huda, inda kulocin yake kullewa. A nan idan jak ya tsaya, injin ne zai juya maimakonsa, batir ya bugi shasi ko ya murɗe maka wuyan hannu, kai kuma kana durƙushe da hannu ɗaya a ƙasa. Wasu manyan samfuran Bosch da Milwaukee da DeWalt suna da na'urar da take kashe injin idan ya fizga haka. Abu ne mai kyau, musamman ga mai ciwon gaɓɓai ko gidan da Hajiya ko yara matasa za su riƙa taya aikin, amma wanda ya saba da kuloci ba dole ne ya biya ƙarin kuɗinta ba. Idan injin naka mai hudar siminti ne, tabbatar ba a kan alamar guduma yake ba.

A ganina, injin huda mai kuloci da giya biyu shi ne zaɓi. Giya ta ɗaya tana juyawa wajen sau 500 a minti, ta biyu tana kusantar 2,000. Ta ɗaya ta isa. Ta biyu tana da daɗi a farkon saukewa lokacin da jak yake rataye a iska, amma kafin ka ankara ya daki ƙasa. Ko da wanne ka yi, ka tsaya da ƙafar ta taɓa katakon da ka shimfiɗa mata, ka ƙarasa rabin juyi ko juyi ɗaya da hannun ƙarfen. Hannu yana jin abin da injin ba ya ji.

Maganar ƙarfin batir ba ta da tsawo. Mai bolt 12 yana da sauƙin riƙewa kuma yana iya aikin idan jak ɗin sabo ne kuma ana shafa masa mai, amma yakan yi nishi idan sandar ta sha gishirin da ake watsawa a titi da hunturu don narkar da ƙanƙara. Mai bolt 18 shi ne daidai. Manyan nan na 40 da 60 asarar kuɗi ce a wannan aikin, kuma sun fi fizga. Kada lambar 20 da ke jikin DeWalt ko Craftsman ta ruɗe ka ka ɗauka sun fi Makita ko Milwaukee ko Ryobi masu 18. Duka ƙwayoyin batir biyar ne a jere, kowace tana da bolt 3.6 lokacin aiki, tana kaiwa 4 idan an cika ta da caji. Wani kamfani ya rubuta lambar aiki, wani ya rubuta ta cikar caji. DeWalt ɗin da ake sayarwa da lambar 20 a Amurka, 18 ake rubuta masa a Turai.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne gidan batir ɗin da za ka shiga, domin batir ɗin wani kamfani ba ya shiga injin wani. Ko DeWalt da Craftsman, da suke ƙarƙashin Stanley Black & Decker, ba sa musayar batir, haka Milwaukee da Ryobi, waɗanda kamfanin TTI na Hong Kong yake yi. Idan kana da injin wani kamfani a gareji, magana ta ƙare, ka sayi irinsa. Idan daga farko kake farawa, ka tuna cewa mai tirela zai so famfon taya, fitila, fanka da ƙaramin injin shara, kuma gara duka su ci batir ɗaya. A nan Ryobi yana da daɗin sha'ani: yana da araha, ana samunsa a shagunan Home Depot, kuma tun 1996 bai sauya yadda batir ɗinsa na 18 yake shiga injin ba. Milwaukee da Makita da DeWalt sun fi jure wahala, amma na masu sana'a ne da suke aiki da su kullum. Jak huɗu a ƙarshen mako ba za su gajiyar da mai araha ba. Haka batun inji marar kabon, wanda ake rubuta wa "brushless" a kwali: ya fi riƙe caji kuma ya fi daɗewa, idan bambancin kuɗin kaɗan ne ka ɗauka, idan da yawa ne ka bar shi.

Ka karanta kwali da kyau. Farashin da ya yi arha fiye da kima, sau da yawa injin ne tsirara, babu batir babu caja. Batir mai amfiya-awa 2 (2Ah) ya wadatar da tafiyar 'yan kwanaki, kuma biyu ƙanana sun fi ɗaya babba amfani, don ɗaya yana caji ɗaya yana aiki. Bakin injin ya zama na inci 1/2, ya fi kama jelar soket fiye da na 3/8. Ka riƙa sake matse shi kafin naɗewa, domin juyawa baya tana sassauta wasu.

Akwai hanya ta uku, jak mai lantarki, irin PSX1 na Lippert, wanda ake danna maɓalli ƙafafu biyu su sauka tare da wutar batir ɗin tirela mai bolt 12. Ga dattijo mai ciwon baya ko gwiwa, wannan ya fi komai, tunda babu durƙuso. Amma kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne ban da na ɗaurawa, injinsa yana rataye a inda ruwa da laka suke fantsama, kuma idan batir ɗin tirela ya mutu, hannun ƙarfe za ka koma nema. Idan tirelar ta zo da shi daga masana'anta, madalla. Cire na almakashi masu lafiya don a sa shi kuwa, ban ga riba ba, ganin cewa injin huda zai yi maka wasu ayyukan a gida shi kuwa wannan aiki ɗaya ya iya.

Sau da yawa mutum yakan ɗauka injinsa ne ya yi rauni alhali jak ɗin ne ya bushe. Ka goge zaren sandar da burushin ƙarfe ka fesa masa mai irin wanda yake bushewa, kada ka lafta giris, domin giris yana tara yashi ya koma yana cin zaren. Batir kuma kada ya kwana a akwatin tirelar da aka ajiye a rana a Arizona ko Texas, zafi yana rage masa kwana, kuma ba a yi masa caji idan sanyi ya kai na daskarar ruwa. Mai zuwa dajin da babu wuta ya nemi cajar da ake sokawa a mota, manyan kamfanonin suna yin ta. Sannan wanda yake tunanin wata rana zai kai injin gida tsaraba ya duba bayan cajar tukuna: ta Amurka galibi bolt 120 take ci, wutar Najeriya da Nijar da Gana kuwa ta haura 200, ana soka ta babu taransifoma za ta ƙone nan take.