Dattijon da ya zagaya da mu hanyar fada a Ngaundere

Na daɗe ina zuwa Ngaundere, a ƙasar Kamaru, daga Garwa ɗaukar kaya a tashar jirgin ƙasa, amma ban taɓa taka tsohon gari da ƙafa ba sai hutun nan, da yarana biyu suka kafe sai sun ga fadar Lamiɗo. Mai masaukina ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon malamin makaranta, mai zagayawa da baƙi. Muka daidaita a kan sefa 3,000, daga Babbar Kasuwa zuwa ƙofar fada. (Babbar Kasuwa suna ne kawai, wadda ake kira Ƙaramar Kasuwa ta fi ta cika.)

Hanyar da ɗan acaɓa zai cinye kafin ka gyara zama, mu sai da muka yi kusan awa biyu a kanta, don Baba ba ya wuce katanga bai tsaya ba. Ya ce mini, "Alhaji, bar kallon shaguna, ɗaga kai ka dubi rufi." Da na ɗaga sai na ga abin da yake nufi: nan bangon laka an ɗora masa kwano, can siminti ya haɗiye rabin tsohon zaure, gaba kaɗan ga jinka tana nan daram.

A nan na ci moriyar kuɗina. Na saba da soron Kano da Zariya, don haka na tambaye shi me ya hana masu sarauta a nan yin soro. Ya yi dariya, ya ce garin yana kan tudu, sama da mita 1,000, ruwan damina kuma ba ya wasa, soron laka ba zai kai labari ba. Shi ya sa jinkar zaurukan fada take da tsini da kauri, ta sauko ƙasa-ƙasa ta kare bango. Salon Mbum ne, mutanen da Fulanin Arɗo Njobdi suka tarar a wajejen 1835. Sunan garin ma nasu ne, ma'anarsa dutsen cibiya, ya kuma nuna wa yara dutsen daga bakin hanya. A cikin zaure, ginshiƙan laka masu kauri da zane kala-kala suka sa ƙaramar 'yata ta yi tsit, abin da ba ta saba ba.

Zuwan Jamusawa a 1901 da isowar jirgin ƙasa a 1974 kuwa, a gurguje ya ambace su, kamar mai biyan bashi.

Inda ya gaza: in labari ya yi masa daɗi sai ya zarce da Fulatanci, ya manta yaran ba sa ji sosai, sai na riƙa dawo da shi Hausa. Sannan a hanyar dawowa ya ratse da mu shagon wani ɗan'uwansa mai takalman fata, muka ɓata lokaci, na sayi abin da ban yi niyya ba don kunya.

Duk da haka zan sake nemansa. Ya ce mu dawo ranar Juma'a, lokacin da Lamiɗo ke fitowa masallacin da ke gaban fada da dawaki da algaita. Mu ranar Talata muka je, filin babu kowa sai almajirai da wata mai sayar da gyaɗa.