Na rage takardun bayanin Debian, wuri ya samu amma Java ta ƙi shiga

Ƴar ƙaramar laftof ce da ni mai 32GB, irin wadda ma'ajiyarta ke manne da bodi ba a canzawa, Debian (wani nau'in Linux) na saka mata. Kullum sai ta ce min wuri ya kusa cika. Ranar da na buɗe ncdu, manhajar da ke nuna abin da ya cinye wuri, na duba sai na ga /usr/share/doc da /usr/share/man da /usr/share/locale sun kwashe wuri mai yawa, bayanai da fassarori cikin yaruka birjik da ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, ga kuma PDF ɗin texlive da suka biyo LaTeX, manhajar tsara rubutu da na saka don rubuta furojet.

Gaskiya dabarar dpkg, wato manhajar da ke saka manhajoji a Debian, ta burge ni sosai. Fayil ɗaya kawai ka ƙirƙira a /etc/dpkg/dpkg.cfg.d/ ka rubuta path-exclude=/usr/share/doc/* sai ka bi shi da path-include=/usr/share/doc/*/copyright don takardun lasisi su tsira, shikenan duk abin da ka saka daga baya zai shigo babu kayan nauyi. Na ƙara da localepurge, mai share fassarorin yarukan da ba ka buƙata, na bar Turanci kaɗai. Wallahi har murmushi nake ni kaɗai da na ga wurin da ya dawo.

Amma fa wannan tsarin na dpkg baya taɓa abin da ya riga ya shiga, sababbi kawai yake tarewa. To anan na bi wani bayani da wani bawan Allah ya rubuta a intanet, wai kawai a yi rm -rf a share duk abin da ke cikin /usr/share/man, inda shafukan bayanin umarni (man) suke, bai yi gargaɗin komai ba. Bayan sati biyu ina buƙatar Java don aikin makaranta da za mu miƙa washegari, na sa openjdk, wato Java ɗin, ya sauko lafiya da ɗan datan da ya rage min, yana zuwa ƙarshe update-alternatives, ɗaya daga cikin matakan saka shi, ya tsaya cak wai babu /usr/share/man/man1, kuma daga nan duk abin da na ce apt, mai sauko da manhajoji, ya saka sai ya dawo min da kuskuren nan. Ga wuta an ɗauke, batir na ta sauka, ga shi ko man dpkg ba zan iya karantawa ba tunda na share. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare na gano maganin umarni biyu ne kawai, sudo mkdir -p /usr/share/man/man1 sannan sudo dpkg --configure -a. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin da mai bayanin nan ya ƙara jimla ɗaya da ban kwana a zaune ba.

Yanzu dai dpkg na ci gaba da tare doc, localepurge ma na barshi yana aikinsa, amma man na dawo da su ta apt reinstall, don in babu data su kaɗai ne malamin da nake da shi. Texlive kuwa da --no-install-recommends nake saka shi yanzu, don kada ya jawo ƙarin kayan da ba dole ba.